Yadda Ake Ƙiyasta Tsawon Ran Ƙarfen Mota Kafin Ya Gaji Ya Karye

Kewayen tayar ƙaramar mota kusan mita 2 ne, wato tana juyawa kimanin sau 500 a kowace kilomita. Motar da ta yi tafiyar kilomita 300,000 kafin a ajiye ta, tayarta ta juya sau miliyan 150, kuma a kowane juyi akwai ƙarfen da aka ɗora wa nauyi sannan aka sauke masa. Karanshaf ɗin injin da ke juyawa sau 3,000 a minti ɗaya yana cika juyi miliyan 10 cikin awa 56 kacal. Ƙarfen da ke cikin irin wannan hali yana iya karyewa da nauyin da bai kai rabin abin da zai iya ɗauka a karo ɗaya ba, kuma sau da yawa yakan karye ba tare da ya lanƙwashe ko ya nuna wata alama da ido zai gani ba. Wannan shi ne abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe: wata 'yar tsaga ce take farawa a wuri ɗaya, tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan duk lokacin da nauyi ya zo ya tafi, har ranar da ragowar ƙarfen ya kasa riƙe abin da aka ɗora masa.

An san wannan matsala ne ta hanyar asarar rayuka. A ranar 8 ga Mayun 1842 aksil ɗin wani kan jirgin ƙasa ya karye a Meudon kusa da birnin Paris na Faransa, mutane fiye da 50 suka mutu. Shekara ɗaya bayan haka William Rankine ya duba karyayyun aksil na jiragen ƙasa a Birtaniya, ya nuna cewa tsagar tana farawa ne daga wurin da kaurin ƙarfen ya canza farat ɗaya, inda aka bar kusurwa mai kaifi. Daga baya August Wöhler, injiniyan jirgin ƙasa a Jamus, ya shafe shekaru yana juya sandunan ƙarfe a ƙarƙashin nauyi yana ƙirga juyin da kowanne ya yi kafin ya karye, ya tattara sakamakonsa a 1870. Har yau a kan wannan tushe ake gini, ko da yake kwamfuta ta karɓi mafi yawan lissafin.

Domin bayanin ya zauna a kan abu ɗaya, zan ɗauki hannun ƙarfen nan da ke haɗa cibiyar tayar gaba da jikin mota ta ƙasa, wanda aka yi da farantan ƙarfe biyu aka haɗa su da walda. Na zaɓe shi ne saboda idan ya karye a kan gudu, taya tana fita daga mazauninta, direba kuma ya rasa iko da sitiyari. Zan riƙa amfani da kalmar matsi a ma'anar ƙarfin da ya faɗa wa kowane ɗan yanki na faɗin ƙarfe, wanda ake aunawa da megafaskal, ko na ja ne ko na dannawa. Zagaye kuwa shi ne hawan matsi da saukarsa sau ɗaya.

Fara da rubuta abin da kake nufi da lalacewa

Kafin ka buɗe kwamfuta, ka rubuta a takarda mene ne za ka kira lalacewa. Fitowar tsaga mai tsawon milimita ɗaya ko biyu ce, ko raguwar taurin hannun har taya ta fara karkata, ko rabuwar ƙarfen gida biyu? Tsakanin na farko da na ƙarshe ana iya samun dubban kilomitoci, kuma rahotanni biyu da suka yi amfani da ma'ana daban ba za a iya kwatanta su ba. Ka kuma rubuta wane mai mota ake ƙera wa abin. Kamfanoni ba sa ƙera sassan da suka shafi rai don direba matsakaici. Sukan ɗauki wanda ya fi kashi 90 ko 95 cikin 100 na direbobi wahalar da mota, mai lodi da yawa, mai taka birki da ƙarfi, mai bin hanyar da ta lalace. Daga nan sai ka fitar da jumla ɗaya bayyananna, misali cewa kashi 99 cikin 100 na waɗannan hannuwa su kai kilomita 250,000 a hannun irin wannan direba ba tare da tsagar da ido ke gani ba.

Nauyin da hanya ke ɗora wa ƙarfe

A nan ne ya kamata ka kashe mafi yawan lokacinka, kuma a nan ne na ga matasan injiniyoyi sun fi yin gaggawa, domin aikin yana da ƙura da jira, ba ya kuma fitar da zane mai launi da ake nuna wa shugabanni. Dalilin da ya sa nauyi ya fi komai muhimmanci lissafi ne mai sauƙi. A wurin walda, tsawon rai yana raguwa daidai da matsi idan aka ninka shi da kansa sau uku. Idan matsin gaskiya ya fi wanda ka zata da kashi 10 cikin 100, rubu'in ran ƙarfen ya tafi. Idan da kashi 20 ne, fiye da kashi 40 ya tafi. A ƙarfen da aka goge sumul babu walda, abin ya fi haka tsanani nesa ba kusa ba. Babu wata ƙwarewa a sarrafa manhaja da za ta gyara nauyin da aka shigar ba daidai ba.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a auna a kan mota ta gaske. Ana sa wa cibiyar taya na'urar da ke auna ƙarfi ta fuska uku da murɗawa ta fuska uku, sannan a manna ma'aunin miƙewa a jikin hannun. Wannan ma'auni ɗan siririn faranti ne da bai kai farce girma ba, mai ɗauke da layukan waya da ke canza juriyarsu ga lantarki idan ƙarfen da ke ƙarƙashinsu ya miƙe. Edward Simmons da Arthur Ruge ne suka ƙirƙiro shi a Amurka a 1938, kowanne a nasa ɓangaren. Manna shi aiki ne na haƙuri. Za ka kankare fenti, ka goge wurin da takardar yashi har ya yi fes, ka wanke maiƙo, ka ja layin da zai nuna fuskar da kake son aunawa, ka ɗiga gam, ka danna da babban yatsa ta bayan wata 'yar leda na minti ɗaya ko biyu ba tare da ka motsa ba. Idan kumfar iska ta maƙale a ƙarƙashinsa, ko ya karkace daga layin, duk alƙaluman da za ka tara daga baya sun gurɓace, kuma ba za su gaya maka cewa sun gurɓace ba. Saboda haka kafin motar ta fita, ka ɗora wa hannun nauyin da ka san adadinsa, ka tabbatar abin da na'urar ta nuna ya yi daidai da shi.

Sai a bi da motar hanyoyi iri-iri: shimfiɗaɗɗiyar kwalta, tsakuwa, ramuka, tudun rage gudu, kwana mai tsanani, birki na gaggawa, da lodi da kuma babu lodi. Filayen gwajin motoci suna da hanyar duwatsu irin ta tsofaffin titunan Beljiyam, wadda ke tara wa mota wahalar kilomitoci masu yawa a cikin 'yar gajeriyar tafiya. Ka kula da saurin ɗaukar alƙaluma. Jikin mota yana lilo sau ɗaya zuwa biyu a daƙiƙa, taya kuma tana tsalle kimanin sau 10 zuwa 15 a daƙiƙa, amma dukan bakin rami ya fi waɗannan sauri ƙwarai. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce na'urar ta riƙa ɗaukar awo aƙalla sau 10 a cikin kowane zagaye na motsi mafi sauri da kake son kamawa, in ba haka ba za ta tsallake ƙololuwar dukan, alhali ƙololuwar ce ke yin ɓarna. Idan motar ba ta wanzu ba tukuna, ana iya kwaikwayon tafiyarta a kwamfuta a kan hanyar da aka auna, kuma ƙa'idar ISO 8608 ta rarraba hanyoyi gwargwadon rashin santsinsu. Wannan yana da amfani a farkon ƙira, amma ka ɗauke shi a matsayin na wucin gadi har a samu awo na gaske.

Abin da za ka samu a ƙarshe dogon layi ne mai hawa da sauka ba tsari, wanda dole a mayar da shi zagaye-zagaye da za a iya ƙirgawa. Hanyar da kowa ya yarda da ita ita ce wadda Matsuishi da Endo suka fito da ita a Japan a 1968, wadda suka kwatanta da yadda ruwan sama ke gangarowa daga rufin gini mai hawa-hawa. Amfaninta shi ne tana ware ƙananan zagaye da ke cikin babba ba tare da ta ɓatar da babban ba. Idan taya ta faɗa rami sannan ta yi 'yan tsalle-tsalle kafin ta daidaita, hanyar za ta ƙirga faɗawar a matsayin babban zagaye guda, tsalle-tsallen kuma a matsayin ƙanana. An rubuta ta dalla-dalla a ƙa'idar ASTM E1049, kuma ina ba ka shawara ka yi ta da hannu sau ɗaya a kan gajeren layi kafin ka miƙa wa manhaja.

Daga nauyi zuwa matsi

Yanzu sai a gano yadda wannan nauyi ke bazuwa a cikin hannun. Ana zana shi a kwamfuta, a rarraba shi zuwa dubban ƙananan gunduwa da suka haɗu kamar raga, a lissafa matsin kowace gunduwa. Manhajoji irin su Nastran da Abaqus da Ansys duk wannan aikin suke yi. Abu biyu ne suka fi jawo kuskure.

Na farko shi ne yadda ka riƙe hannun a cikin samfurin. A mota, robobi ne ke tsakaninsa da shasi, kuma suna ba shi damar ɗan motsawa. Na taɓa duba wani lissafi da aka ɗaure waɗannan wurare kam kamar an yi musu walda da bango, sai samfurin ya nuna cewa haɗarin yana kusa da mazaunin roba, aka ƙara kauri a can. Da aka kai hannun wurin gwaji, tsagar ta fito a wani wuri dabam, a ƙarshen wata walda da launinta a kwamfuta bai tayar wa kowa da hankali ba. Tun daga lokacin, abin da nake fara tambaya idan an kawo mini lissafi shi ne yadda aka riƙe abin.

Na biyu shi ne kusurwa mai kaifi. Ramin da'ira a tsakiyar faffaɗan faranti yana ninka matsi sau uku a gefensa, kamar yadda Kirsch ya nuna a 1898, kuma duk yadda lanƙwasar ta ƙara matsewa, haka ninkin ke ƙaruwa. Idan ka zana kusurwa mai kaifi sosai a samfuri, matsin da za ta nuna zai ci gaba da hawa duk lokacin da ka ƙara ƙanƙanta raga, ba zai taɓa tsayawa ba, domin a lissafi ba shi da iyaka. Gwajin da za ka yi shi ne ka rage girman gunduwa zuwa rabi a wurin da kake zargi, ka sake lissafi. Idan amsar ta canza da fiye da 'yan kashi kaɗan, ba ka kai ga amsa ba tukuna. A gindin walda, inda siffar gaskiya ke bambanta daga hannu zuwa hannu, shawarar Cibiyar Walda ta Duniya ita ce a karanta matsi a wurare biyu, ɗaya a nisan kashi 4 cikin 10 na kaurin faranti daga gindin waldar, ɗaya a nisan cikakken kaurin, sannan a ja miƙaƙƙen layi daga su zuwa gindin.

Abin da ƙarfen zai iya jurewa

Layin Wöhler yana nuna adadin zagayen da ƙarfe zai yi a kowane matakin matsi, kuma Basquin ya nuna a 1910 cewa yana miƙewa sarai idan aka zana shi a ma'aunin logaridim. Ga baƙin ƙarfe da aka goge sumul, akwai matakin da layin ke kwantawa bayan zagaye miliyan ɗaya zuwa 10, kimanin rabin ƙarfin da ake buƙata a tsinka ƙarfen a ja ɗaya. Alminiyam ba shi da irin wannan mataki bayyananne, layinsa yana ci gaba da gangarawa. Ko a baƙin ƙarfen ma, kada ka ɗauki matakin a matsayin alkawari, domin tsatsa da ruwan gishiri suna kawar da shi, kuma binciken da aka yi a kan zagaye biliyan ɗaya ya nuna cewa ƙarfe mai tauri sosai yana iya tsagewa daga wani ɗan datti da ke can cikinsa.

Alƙaluman da ke cikin littafi na ƙananan sanduna ne da aka goge kamar madubi. Naka hannun an buga shi da inji, an yanka gefensa, an yi masa walda, an shafa masa fenti, don haka dole ka rage alƙaluman saboda kaushin fuska da girma da yanayin da zai zauna. Ka kuma yi gyara saboda matsin da ke zaune dindindin, kamar nauyin motar kanta: matsin ja yana buɗe tsaga ya rage rai, na dannawa yana rufe ta ya ƙara rai, kuma layin Goodman na 1899 shi ne hanya mafi sauƙi ta shigar da wannan. Shi ya sa ake yi wa sifirin ruwan ƙananan ƙwallayen ƙarfe bayan an ƙera shi, domin a bar matsin dannawa a fatarsa. Idan kuma akwai wuraren da matsi ke wuce iyakar da ƙarfe ke komawa siffarsa, kamar lokacin dukan babban rami, sai a koma lissafi da miƙewa, bisa dangantakar da Coffin da Manson suka fitar a shekarun 1950.

Akwai wani abu game da walda da ke ba mutane mamaki. Juriyar walda ga gajiya kusan ba ta damu da ƙarfin ƙarfen da aka haɗa ba. Idan ka canza zuwa ƙarfe mai ƙarfi ninki biyu, ka rage kauri don motar ta yi sauƙi, matsin da ke gindin walda ya hau, juriyarta kuwa tana nan inda take. Siffar haɗin ce ke yanke hukunci, kuma saboda haka ne ƙa'idoji irin su BS 7608 suke rarraba walda aji-aji gwargwadon siffarta.

Tara ɓarna, da misali

Palmgren a 1924 da Miner a 1945 sun kawo ƙa'ida mai sauƙi: kowane zagaye yana cin wani ɗan kaso na ran ƙarfe, idan kason ya taru ya kai ɗaya, ƙarfen ya ƙare. Ga misali da alƙaluman da na tsara don bayani kawai. A ce waldarmu tana jure tazarar matsi, wato bambanci tsakanin hawansa da saukarsa, ta megafaskal 80 har zagaye miliyan 2. To a 160 za ta jure 250,000 ne kawai, a 50 kuma kimanin miliyan 8.2. A ce ƙirgenmu ya nuna cewa a kowace kilomita 1,000 ana samun zagaye 100 a matakin 160, da 2,000 a matakin 80, da 8,000 a matakin 50. Ɓarnar rukunin farko 0.0004 ce, ta biyu 0.001, ta uku ita ma kusan 0.001, jimla 0.0024. Idan aka raba ɗaya da wannan, aka ninka da kilomita 1,000, za a samu kimanin kilomita 417,000.

Wanda ya tsaya nan zai ce an wuce kilomita 250,000 da aka nema, amma aikin bai ƙare ba. Gwaje-gwaje sun sha nuna cewa ƙarfe yana karyewa kafin jimlar ta kai ɗaya idan nauyin gauraye ne, don haka ga walda ana shawartar a tsaya a 0.5, abin da ya mayar da amsarmu kimanin kilomita 208,000. Idan kuma matsin gaskiya ya ɗara namu da kashi 10, ta sauko kusan 156,000. Ka lura kuma cewa zagaye 100 kacal, wato kashi ɗaya cikin 100 na duk abin da aka ƙirga, su suka ci kashi ɗaya cikin shida na ran waldar.

Babban raunin ƙa'idar Miner shi ne ba ta san gaba da baya ba, wato ba ta damu da wane nauyi ya riga wani zuwa ba, alhali ƙarfe ya sani. Jiragen saman Comet biyu sun tarwatse a sama a 1954, ɗaya kusa da tsibirin Elba a watan Janairu, ɗaya kusa da Napoli a watan Afrilu. Masu bincike a Farnborough na Ingila suka nutsa wani jirgin a cikin tankin ruwa, suka riƙa hura shi suna saki, jikinsa ya tsage daga kusurwar wata taga bayan zagaye 3,057, har da tashin da ya riga ya yi. Sashen da kamfanin da ya ƙera jirgin ya gwada tun farko ya jure fiye da haka sosai, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne an fara ɗora masa matsi mai yawan gaske kafin a soma gwajin gajiya, wannan ya miƙar da ƙarfen kusurwoyin ya bar musu matsin dannawa da ya kare su. Don haka kada ka yi gwajin gajiya da abin da ka riga ka yi gwajin ƙarfi da shi.

Inda ake sa ran duba ƙarfe lokaci-lokaci, kamar jirgin sama da aksil na jirgin ƙasa, ana ƙara wani lissafi: a ɗauka akwai tsaga tun farko, mafi girman wadda na'urar dubawa za ta iya kuskurewa, a lissafa saurin girmanta da dokar da Paul Paris da abokan aikinsa suka kawo a farkon shekarun 1960, sannan a tsara dubawa ta yadda za a samu dama fiye da ɗaya ta ganin tsagar kafin ta kai girman hallaka. Hannun tayar ƙaramar mota ba ya samun irin wannan kulawa, shi ya sa ake ƙera shi don kada tsagar ta fara ma.

Gwaji, da karanta karyayyen ƙarfe

Samfurin da ba a gwada ba hasashe ne. Ka fara da kwatanta abin da ma'aunin miƙewa ya nuna da abin da kwamfuta ta ce a daidai wannan wuri, sannan ka ɗora hannuwa a kan injin gwaji da ke maimaita nauyin hanya. Kada ka gwada guda ɗaya. Ƙarafa masu kama ɗaya daga tukunya ɗaya suna iya bambanta a tsawon rai ninki uku, ninki biyar, wani lokaci har goma, kuma wanda zai cutar da mutum shi ne mafi rauni a cikinsu. Rarrabawar Weibull, wadda injiniyan Suwidin Waloddi Weibull ya yaɗa a 1951, ita ake yawan amfani da ita wajen ƙiyasta wannan ɓangare na masu mutuwa da wuri, kuma layukan ƙira na walda ana saukar da su ƙasa da matsakaici yadda kusan kashi 97 cikin 100 za su tsira.

Idan hannu ya karye, kada ka haɗa ɓangarorin biyu don ka ga ko sun dace, domin goga su zai shafe shaida. Ka riƙe shi a gaban haske ta gefe. Za ka ga wani yanki mai santsi da layuka masu lanƙwasa kamar waɗanda ruwa ke bari a kan yashi, suna kewaye wani ɗigo guda. Wannan ɗigon nan ne tsagar ta fara. Sauran fuskar mai kaushi ita ce ta tsinke a lokaci ɗaya. Idan yankin mai santsi ya fi girma, matsin ba shi da yawa, tsagar ta daɗe tana tafiya. Idan ƙarami ne, matsin ya yi yawa. Idan wurin farawar bai yi daidai da inda samfurinka ya nuna ba, samfurin yana da kuskure ko da adadin zagayen ya zo daidai.

Inda juriya ta haɗu da kare rai

Lissafin karo wani fanni ne dabam, da manhajoji irin su LS-DYNA, wadda ta samo asali daga aikin John Hallquist na 1976. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ta daki bango a gudun kilomita 56 a awa, irin gwajin da hukumar kiyaye haɗura ta Amurka ke yi tun 1979, tana ɗauke da kuzari kimanin kilojul 180. Idan gabanta ya murƙushe na santimita 60, tsayawar tana ɗaukar ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, matsakaicin ƙarfin da ke kan fasinja kuma ya kai ninki 20 na nauyinsa. Béla Barényi ne ya yi rajistar dabarar gaban da ke murƙushewa da ɗakin fasinja mai tauri a 1952, bel mai maɗauri uku kuma Nils Bohlin na Volvo ya kawo shi a 1959. Amma duk waɗannan gwaje-gwaje da sabuwar mota ake yin su, alhali jikin mota yana haɗe ne da dubban ɗigon walda da ke gajiya suna tsatsa shekara da shekaru. Ina ganin wajibi ne mai lissafin gajiya ya miƙa wa mai lissafin karo jerin wuraren da za su fi rauni bayan shekara goma, musamman mazaunin bel da na kujera, a sake lissafin karon da su a raunane.

Haɗarin jirgin ƙasa na Eschede a Jamus, ranar 3 ga Yunin 1998, wanda ya kashe mutum 101, ya faro ne daga tsagar gajiya a zoben ƙarfen wata ƙafar jirgi da ke zaune a kan roba. Zoben ya sirance saboda cin hanya, yana lanƙwasawa a kowane juyi fiye da yadda yake yi yana sabo. Jakunkunan iska na Takata kuwa, sinadarin da ke hura su ne ya lalace bayan shekaru na zafi da laima, har wasu suka riƙa fashewa suna watsa ƙarfe, aka janye miliyoyinsu a duniya. Don haka ka maimaita lissafinka da kaurin da tsatsa ta rage, da robar da ta taurare, da notin da ya ɗan saki, da shokazobar da ta mutu ta bar taya tana dukan hanya yadda ta ga dama.

Abu na ƙarshe da za ka tsara shi ne yadda hannun zai lalace idan aka wuce duk abin da ka lissafa, kamar dukan dakalin gefen titi a kan gudu. Abin da ake so shi ne ya lanƙwashe a tsakiya, sitiyari ya karkace, direba ya ji ya kai motar gyara, maimakon mahaɗin da ke riƙe da taya ya fizge. Ana tabbatar da wannan da lissafin lanƙwashewa da kuma gwaji a injin dannawa, a ga cewa nauyin da ke lanƙwasa hannun yana ƙasa da wanda ke tsinka mahaɗin da tazara mai kyau. Sannan duk abin da lissafinka ya dogara a kansa, faɗin lanƙwasar kusurwa, inda walda za ta fara da inda za ta tsaya, santsin gefen da aka yanka, da ƙarfin ɗaure noti, ka rubuta shi a kan zanen da za a kai masana'anta, ka sa masa alamar cewa ya shafi rai, domin a riƙa auna shi a kan layin ƙira kuma kada a canza shi sai an dawo an sake lissafi.